Motar Haruna da Ƙafar Babanku

Ranar da mai saye ya zo da kamyo, babbar motar ɗaukar kaya, ya ɗauke motar nan daga rumfar gonar tsoho Bernar, 'yan watanni bayan rasuwar babanku, ina tsaye na ji ke Nafisa kina ce wa yayanki Abba da Faransanci wai Papa ya ba da ƙafarsa saboda son mota. Shi kuma Abba ya gyaɗa kai. Ban ce muku uffan ba a wurin don akwai baƙon ido, amma maganar ta tsaya mini a wuya har yau. Babanku bai taɓa son motar nan ba, ko da na yini ɗaya. Mutumin da ko parmin tuƙi sai da na matsa masa lamba ya yi, wanda ya fi son ya shige metro da littafinsa a hannu, shi ne zai so wannan uban ƙarfe? Kuna ƙanana ta shigo mana, kun buɗe ido kun gan ta a ƙofar gida kuka sa mata suna motar Papa, shi kuma bai gyara muku ba, don in zance a kansa ne ba ya gyarawa. To ni zan gyara, tun da sauran numfashina.

Motar ta Haruna ce, aminin babanku tun suna 'yan kwana a lise, babbar makarantar sakandare ta Damagaram. Ɗan Maraɗi ne, gidansu 'yan kasuwa, shi kuma yana aikin lissafi a buron wata ƙungiya ta ƙasashen duniya a Paris. Matarsa da 'ya'yansa suna gida, shi yana zaune a wani ɗan ɗaki a Goutte d'Or, saman wani shagon buga waya. Allah Ya jiƙan Haruna, mutum ne mai dariya har da buga cinya, mai son in ya shigo wuri kowa ya juyo. Ban san yadda aka yi suka shaƙu da babanku ba, wanda sai ka yi masa tambaya uku kafin ka samu amsa ɗaya. Tun yana yaro Haruna ya ga wani Ba'amurke a Yamai da irin motocin nan nasu na da, masu ƙofa biyu da dogon hanci da inji mai ruri, ya sa wa ransa sai ya mallaki irinta. Da ya samu hali ya je bayan gari ya sayo wata a hannun wani tsohon bature, koriya mai duhu, kusan sa'ata ce a shekaru. Ranar da ya kawo ta ƙasan benenmu a Bobigny, a gefen Paris, sai da tagogi suka yi rawa.

"Matarmu, leƙo ki ga abin da na sayo!" in ji shi daga ƙasa.

Na leƙa na ce, "Malam Haruna, wannan mota ce ko jirgin ruwa?"

"Ke dai ba ki san kaya ba. Wannan ƙarfe ne na gaske, ba gwangwanin da Faransawa ke ƙerawa ba."

Bai yi ƙarya ba, ƙarfe ne na gaske. Bai cika shekara da ita ba ya tashi tafiya gida bakans, wato hutun shekara. A unguwarsu babu inda za a bar irin wannan abu na tsawon wata, sai ya kawo ta wurinmu, ya miƙa wa babanku makulli a ƙofar ɗaki, ina jinsu daga kicin. Ya ce, "Ajiya ce, Sanusi, sai na dawo." Bai dawo ba. Sanƙarau ya kama shi a Maraɗi, kafin ma labarin ciwon ya iso mana an riga an kai shi. Babanku ya yi kwanaki ba ya cin abincin kirki. Bayan an yi sadakar arba'in ya je ya kwashe kayan ɗakin marigayi, tufafi da littattafai, ya aika gida ta kago, jirgin ɗaukar kaya, sannan ya shiga shagon wayar nan na ƙasan ɗakin ya kira Alhaji Lawali, yayan Haruna, wanda shi ne babban gida. Ina tsaye a gefensa. Ya faɗa masa akwai mota, ya tambayi yadda za a yi da ita.

Alhaji ya ce, "Ba a yi rabon gado ba tukuna, Malam Sanusi. Ka riƙe ta wurinka. In an zauna za ka ji daga gare mu."

Daga ranar motar ta zama dukiyar marayu a idon babanku, kuma kun san yadda yake da abin da ya shafi maraya. Ba zai sayar ba, ba zai ba da aro ba, ba zai hau ba, wai kowace tafiya ragin haƙƙin yara ne. Ɗan garejin da aka ba mu a ƙarƙashin bene bai ɗauke ta ba, in an tura ta har ta taɓa bango hancinta na waje, ƙofa ba ta rufuwa. Dole ta kwana a titi. Sanyin farko da ya zo ya kashe batir, na biyu ya kashe wani abu a cikin injin, wani makanike ya duba ya ce sai an buɗe ta an yi odar kaya daga Amurka. Babanku ya ce ba a ba shi izinin buɗe ta ba. Ga kuma dokar ƙasar nan: mota ba ta wuce mako a wuri ɗaya a bakin titi. 'Yan sanda su zo su yi wa taya alama da alli, in suka dawo suka tarar ba ta motsa ba, su ja ta zuwa furiyer, inda suke tara motocin da suka kwashe. Motar da takardunta ke ɗauke da sunan mamaci kuwa, in ta shiga can wa zai fito da ita? Saboda haka abin da ya rage mana shi ne mu riƙa tura ta da hannu.

Sai babanku ya mayar da abin gayya, kamar yadda ake yi a gona a gida. Duk Lahadi bayan la'asar ɗaliban Nijar su zo, wasu daga ɗakunan jami'a, wasu tun daga Clichy-sous-Bois, ni kuma in turara dambu da zogale in cika babban faranti. Ni ake sa wa a sitiyari don na fi kowa rashin jiki. Kada ku ga kamar zama ne kawai. Sitiyarin motar nan in inji ba ya aiki sai ka kama shi da hannu biyu ka ɗora ƙirjinka a kai, washegari in tashi kafaɗuna kamar na yi dakan gero na suna. Samari huɗu, biyar, su jingina a bayanta suna nishi suna zolayar juna, a kai ta wancan gefen titi, mako mai zuwa a dawo da ita. Ba zan ce babu daɗi a ciki ba. Gidanmu ya cika da Hausa a ranakun nan, kuna ta yawo daga cinyar wannan zuwa ta wancan. Akwai wani Sale, ɗan Tawa, mai karatun injiniya, shi ne sarkin gardama. Wata rana ya zo da wata mujallar tsofaffin motoci yana haki.

"Tonton, ka ga abin da suka rubuta? Wai tan ɗaya da rabi da 'yan kai. Wallahi ƙarya suke yi!"

Babanku ya ce, "Ba ƙarya ba ce, tsirararta suka auna. Ba mai, ba ruwa, ba tayar ajiya, kuma da ƙaramin inji. Wannan kuwa babban injin ne a cikinta, ga na'urar sanyi, ga ƙarafan gyara da marigayi ya cika akwatin baya da su."

"To nawa ke nan duka?"

"Ka tambayi bayanka gobe da safe."

Aka yi ta dariya. Ni dai abin da na koya a kujerar nan shi ne, tashinta ke da wuya. In ta fara mirginawa sai ta yi kamar ba ita ba, har yaran su saki hannu ɗaya suna hira. A Bobigny titinmu shimfiɗe yake, in suka sake ta sai ta ɗan ja ta tsaya don kanta, wani ya sa mata bulo a ƙarƙashin taya yadda karen mota ke yi a tashar gida. Birkinta ya yi laushi tun tuni, duk mun sani, amma ba wanda ya damu tun da ba mu taɓa bukatarsa ba.

Muka yi shekaru a haka. Ɗalibai suka gama suka tafi, wasu suka zo suka gaji turin. Daga Maraɗi kuwa shiru. Ba wai an yanke zumunci ba, a'a. Duk Salla babanku zai kira Alhaji Lawali, su gaisa gaisuwa mai tsawo, ina gajiya, ina iyali, yaya damina, yaya yaran marigayi, an sa wane lakwal ya fara boko, wance ta yi saukar Alƙur'ani. Ina tsaye a gabansa ina yi masa alama da hannu kamar mai juya sitiyari, shi kuma ya juya mini ƙeya. Su yi sallama, ba wanda ya ambaci mota.

Na ce, "Malam, don girman Allah ka tambaye shi mana. An yi rabon nan ko ba a yi ba?"

"In ce masa me, Rabi? In ce na gaji da kayan Haruna?"

"Ka ce tambaya kawai muke yi."

"In na tambaya, ko su ce na gaji ko su ce ina kwaɗayinta. Wanne kike so su ɗauka? Ya ce za mu ji daga gare su, za mu ji."

Sai shekarar Lyon ta zo. Babanku ya yi shekaru yana aikin binciken ƙasar noma da kwantiragi, wannan ya ƙare a yi ta addu'a a samu wani. A shekarar ne aka ba shi aikin dindindin a wani labo, ɗakin gwajin ƙasa, a Lyon, irin aikin da yake so, na fita gonaki yana haƙa ƙasa yana murza ta a tafin hannu yana shanshanawa. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba. Ni ma na yi murna, kuma rabin murnata ta rabuwa da motar ce, don na ɗauka ko mahaukaci ba zai ja matacciyar mota daga wannan gari zuwa wancan ba. Sai kawai na ji shi yana waya yana neman mai kamyon ɗaukar mota. Faɗan da muka yi ranar ba mu taɓa yin irinsa ba, ni kaɗai ma nake faɗan, shi yana naɗe littattafai cikin kwali. Na ce a bar wa ɗaya daga cikin yaran nan ya kula da ita. Ya ce ba su aka ba ajiya ba. Na ce to a kira Maraɗi yau ɗin nan, ni zan yi magana in shi ba zai iya ba, ai ni ma ina da baki. Sai ya ajiye kwalin ya dube ni.

"In kika kira su, kin tozarta ni a gaban 'ya'yan Haruna. Ban taɓa roƙonki komai ba, Rabi. Ina roƙonki wannan."

 Lambar Alhaji na haddace ta, waya kuma tana kan tebur, ba abin da ya hana ni sai wannan maganar. Mijina ne, ya roƙe ni, na bar shi. Mai kamyo ya zo da ƙaramar motarsa, ya zagaya koriyar nan ya leƙa ƙarƙashinta, ya koma ya zo da babba. Igiyar ƙarfen da ke jan ta sama tana ƙara kamar za ta tsinke. Sale, wanda lokacin ya gama karatu ya kama aiki, ya zo yi mana sallama, ya ce, "Tanti, to wa zai tura muku a can?" Muka yi dariya dukanmu, har da ni.

A Lyon gidan da muka samu a unguwar Duchère yake, kan tudu. Titin ƙofar gidanmu gangare ne, ba mai tsanani ba, in kana tafiya da ƙafa ma da ƙyar ka lura, sai can ƙasa ne yake ɗan zurmawa kafin ya yi kwana a gindin wata katangar siminti. Mai kamyo ya sauke ta a can sama, hancinta na kallon ƙasa. Ba mu san kowa ba. Akwai 'yan Nijar a garin, mun fara haɗuwa da wasu a masallaci, amma babanku ya ce mutumin da bai taɓa cin abincinka ba ba ka kiransa turin mota. Ya ce ma ba a bukatar kowa, tun da ga gangare, ita za ta tura kanta. Haka kuwa aka yi. Duk mako in shiga in kama sitiyari, shi ya zare bulo ya tsaya a gabanta yana ja da baya, hannunsa a kan hancinta, in ɗan saki birki ta sulalo tsawon mota ɗaya ko biyu, ya mayar da bulo. Abin ya zo da sauƙi har ya fara yi mini ba'a wai da mun sani da tun can mun ƙaura. Amma ni da shi duk mun san abu ɗaya da ba mu faɗa wa juna: kullum ƙasa muke yi, mu biyu ba za mu iya mayar da ita sama ba, titin kuma yana da ƙarshe. In na taɓo zancen sai ya ce kafin mu kai can Allah zai kawo mafita, ƙila ma Alhaji ya kira.

Ranar Asabar ce da hantsi, lokacin zubar ganye, an kwana ana yayyafi. Kuna makarantar allo ta masallaci. Babanku ya leƙa ta taga ya ga alamar alli a taya, ya ce in zo mu yi mu gama kafin ku dawo. Mun riga mun kai inda titin ke zurmawa, gurbi ɗaya ya rage tsakaninmu da katanga. Na shiga, na ce bismillahi, ya zare bulo. Na taka birki sai na ji ƙafata ta nutse har ƙasa, ba abin da ya tare ta. Na ɗaga na sake takawa, na sa ƙafa biyu, babu. Na ce, "Malam, ba birki!" Ya jefa bulon a gaban taya, ta tura shi a kan jiƙaƙƙen ganye, sannan ta haye shi ta murƙushe. Ku ji da kyau, don nan ne ba ku sani ba: motar nan ba gudu take yi ba. Tsohuwa mai sanda ma za ta wuce ta. Yana da lokacin da zai kauce, yana da wuri, hagu da dama duk fili ne, da idona na gani. Na ce, "Kauce! Malam, ka kauce!" Ya waiga ya dubi katangar, ya juyo ya dubi hancin motar, sai ya dasa ƙafafunsa ya sa hannu biyu ya tokare ta. Ya ɗauka zai iya, don shekara da shekaru yana ganin tana tsayawa in an tare ta. Ta yi ta tafiya da shi a hankali, takalmansa na zamewa, fuskarsa na kallona ta gilashi, har ta haɗa ƙafarsa ta dama da katangar. Ko ƙara mai ƙarfi ban ji ba.

Ban san yadda na fito ba. Na kama ƙarfen gabanta ina ja ina ihu, kamar mai jan bene. Maza suka fito daga wani shagon shan kofi, suka taru a gabanta, ban ƙirga su ba amma sun fi gayyarmu ta Bobigny yawa, da ƙyar suka mayar da ita baya taƙi ɗaya aka zare shi. Yana kwance a kan ganye, leɓɓansa sun yi fari, ya kama bakin zanena.

Ya ce, "Rabi, a sa mata dutse kada ta sake tahowa."

'Yan pompiye, wato 'yan kwana-kwana, suka kai shi gidan likita. An yi makonni ana ƙoƙarin ceton ƙafar, a yi aiki yau a sake yi jibi, a ƙarshe suka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Da aka tashi sanar da gida ya ce a ce hatsarin mota ne, kada a ƙara ko kalma, ba a Damagaram ba, balle Maraɗi. Aikinsa bai tafi ba, amma gonakin da ya ƙaura dominsu bai taka su ba, sai wasu su haƙo ƙasar su kawo masa cikin leda yana zaune a buro. Salla kuma ta koma kan kujera. Na sha ganinsa in ya idar ya zauna yana kallon tabarmar sallar da ke gabansa. Tun yana kwance a gadon likita wata abokiyar aikinsa, Madam Silbi, ta zo dubiya ta tambaye ni yadda abin ya faru. Da na ba ta labari ta riƙe baki, ta ce ai mahaifinta, tsoho Bernar ɗin nan da kuka sani, yana da rumfa a gonarsa a bayan gari, babu komai a ciki sai kaji. Ta ce, "Me ya sa bai faɗa ba? Kullum tare muke shan kofi." Ban san sa'ad da dariya ta kuɓuce mini ba, ina yi hawaye na zuba, matar nan har ta tsorata. Washegari aka kai motar can.

Ba zan ɓoye muku ba, na yi fushi da babanku fushin da ban san ina da irinsa ba. Na yi jinyarsa, na wanke shi, na ɗora shi na sauke shi, amma na yi watanni ba na ce masa komai sai abin da ya zama dole. In na rufe ido fuskarsa nake gani ta gilashi, ƙafata kuma har yau in na zauna a mota sai in ji tana neman birki. Na ji haushin Haruna yana kabarinsa, Allah Ya yafe mini, na ji haushin Alhaji, na ji haushin koriyar aljanar nan. Ku kuma kuka girma a gidan da ba a ambaton mota, kuka cike gurbin da abin da kuka ga dama. Duk Salla ya ci gaba da kiran Maraɗi, a gaisa, a tambayi damina.

Shekaru suka wuce, kai Abba kana jami'a a Paris, ke Nafisa kina lise, ranar kin tafi gidan ƙawarki. Sai ga labari wai Laminu, babban ɗan Haruna, ya samu gurbin karatu a Lyon, zai zo gaishe mu ranar Lahadi. Tun da safe babanku ya yi aski, ya ɗaura ƙafar robarsa, ya sa babbar riga, ya ce in ciro masa makullin daga ƙasan akwati. Ya riga ya shirya da tsoho Bernar cewa za mu zo da yamma. Yaron ya shigo da azahar, dogo, fuskar ubansa sak, sai dai shi shiru-shiru ne. Ya durƙusa ya gaishe mu. Babanku ya yi masa ta'aziyya kamar jiya aka yi rasuwar, sannan ya miƙa masa makullin.

"Laminu, ga ajiyar mahaifinka. Na riƙe iyakar iyawata. Yau Allah Ya kawo mai ita."

Yaron ya karɓa da hannu biyu, ya jujjuya, ya dube ni. "Baba, makullin mene ne?"

"Na motarsa."

"Koriyar nan ta cikin hoto? Ai Inna ta ce tun da aka yi rabo aka bar wa amininsa na Paris. Ba kai ba ne, Baba?"

Babanku ya dubi makullin da ke hannun yaron. Can ya ce, "Kira mini Alhaji." Yaron ya kira a wayarsa ya buɗe murya ya ajiye a kan tebur. Alhaji Lawali ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, sai ya riƙa magana da ƙarfi. Aka yi gaisuwa har ƙarshenta, ba a tsallake ko ɗaya ba, ni ina tsaye a bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu.

"Alhaji, zancen motar marigayi ne."

"Wace mota? Af! Ai taka ce, Malam Sanusi. Tun shekarar da ya rasu aka zauna, uwar yaran ta ce a bar wa amininsa. Haƙƙin marayu kuwa ni na fitar musu daga wurina, malamai na zaune."

"Ba wanda ya faɗa mini, Alhaji."

"To wa zai faɗa maka? Ni in ɗauki waya in ce maka ga ladan abotarka da ƙanena? Da wane bakin? Muka ce in ka ji shiru ai za ka gane. Da kai ma ba ka sake tayar da zancen ba, muka ce madalla, ya gane, kunya ce ta hana shi godiya." Tsohon ya yi dariya har da tari. "Tana tashi dai har yanzu ko? Kana ɗan zagayawa da iyali?"

Na buɗe baki zan yi magana, babanku ya ɗaga mini hannu ba tare da ya dube ni ba.

Ya ce, "Tana nan lafiya, Alhaji. Ko ƙwarzane babu a jikinta. Allah Ya saka da alheri."

Suka yi sallama. Ya ce in zuba wa yaro abinci, na zuba. Laminu ya ci, ya ajiye makullin a gefen faranti, ya yi mana godiya ya tafi, bai san komai ba. Ƙofa na rufuwa na fashe. Na ce tun shekarar da ya rasu, Malam, tun kafin gayya, tun kafin Lyon, kana da ƙafafunka biyu! Na ce kalma ɗaya, daga bakinka ko daga nasu! Na faɗi wasu maganganun ma da ba zan rubuta muku ba. Ya bar ni har na gaji na zauna a ƙasa ina kuka.

Ya ce, "Kada Alhaji ya ji, Rabi. Alheri suka yi niyya. In ya san abin da ya faru, baƙin ciki zai kashe tsohon nan."

Lokacin la'asar ya yi. Ya sunkuya ya kwance ƙafar robar ya jingine ta a jikin kujera, ya ce in kawo masa buta da kwano. Na kawo, na durƙusa ina zuba masa ruwa, ya wanke fuska da hannuwa, ya shafi kai, ya wanke ƙafar da ta rage masa.